Takardar Lafiyar Mota Shaida Ce, Kuma Za a Tambaye Mu a Kanta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin samaniya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan kawo maka wani al'amari da da yawa daga cikinmu ba su ɗauke shi a matsayin abin da ya shafi addini ba, alhali kuwa rayukan bayin Allah ne a rataye da shi. Zan fara ne da tona wa kaina asiri, domin a ganina bai dace mutum ya hau mumbari yana nuna wasu da yatsa ba, alhali shi ma yana cikin laifin tsamo-tsamo.

Akwai wani lokaci da motata ta yi kwana tara a garejin bakanike. An cire ƙafafunta na baya an ɗora ta a kan duwatsu, ana jiran kayan birki. Ana cikin haka sai wa'adin takardunta ya ƙare. Kamar yadda na saba, sai na kira wani yaro daga cikin masu yawo a bakin ofishin lasin, na miƙa masa tsofaffin takardu da kuɗi, har da na goro. Washegari kafin la'asar sai ga shi da sababbin takardu cif-cif: lasin mota, inshora, da kuma takardar shaidar lafiyar mota, ga hatimi ga sa hannu. Na yi masa godiya, na yaba da zafin namansa.

Da dare na je gaishe da wani kawuna, wanda ya shafe ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da kudancin ƙasar nan. Cikin hira na nuna masa takardun, ina yi masa labarin yadda abubuwa suka yi sauƙi yanzu. Ya sa tabarau ya duba, ya ce: "Ɗana, ina motar take yanzu?" Na ce: "Tana wurin bakanike, Kawu." Ya ce: "Tun yaushe?" Na faɗa masa. Sai ya nuna mini kwanan watan da ke jikin takardar, ya ce: "To wannan takarda ta ce jiya an duba motarka an same ta lafiya ƙalau. Wa ya duba ta? Aljanu?" Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce: "Kai da kake karanta mana hadisin shaidar zur, ga ta nan ka saya da kuɗinka ka sa a aljihu."

Wallahi wannan magana ta hana ni barci a daren nan.

Mece Ce Wannan Takarda?

Da yawanmu mun ɗauke ta a matsayin wani haraji ne kawai da gwamnati ta ƙirƙiro, takarda ce da ake nuna wa jami'i a hanya don ya bar mutum ya wuce. To amma idan ka karanta abin da ke jikinta, za ka ga magana ce take yi. Cewa take: wani ma'aikaci da aka ɗora wa amana ya duba wannan mota mai lamba kaza, ya tabbatar ta cancanci hawa titi. Wannan kuwa ita ce shaida a ma'anarta ta shari'a, wato mutum ya ba da labarin abin da ya gani domin wasu su gina hukunci a kai. Fasinjan da ya shiga mota a tasha, da yaron da ke tsallaka titi zuwa makarantar allo, da mai babur ɗin da ke gabanka a danja, dukkansu ba su da halin leƙa ƙarƙashin motarka. Hukuma ce ta ɗauke musu wannan nauyi, ta ce ita za ta duba a madadinsu. Idan aka buga hatimi ba tare da an duba ba, to su aka yi wa ƙarya.

A Nijeriya, aikin duba lafiyar mota da bayar da wannan takarda yana hannun jami'an duba ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO, kuma kowace jiha tana da nata, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar ayyuka ko ta sufuri, haka nan Abuja tana da nata. Ita kuwa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, ta tarayya ce, kuma ita muka fi haɗuwa da ita a manyan hanyoyi. Akwai kuma hukumomin da jihohi suka kafa don kula da zirga-zirga, irin su KAROTA a Kano. Rashin bambance waɗannan hukumomi shi kansa yana daga cikin abin da ke jefa mutane hannun 'yan tsakiya, domin wanda bai san ƙofa ba, duk wanda ya ce masa "zo in kai ka" sai ya bi shi. A bisa tsarin da aka saba, motar gida ana sabunta mata takardar ne shekara-shekara, motar haya kuwa duk bayan wata 6, saboda ita ta fi shan wahala kuma ta fi ɗaukar rayuka.

Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. A Ingila tun shekarar 1960 aka fara tilasta gwajin tsofaffin motoci, kuma a yau duk motar gida da ta cika shekara 3 sai an gwada ta kowace shekara. A nan gida ma, Legas da Abuja suna da cibiyoyin gwaji da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma daga farkon shekarar 2022 gwamnatin Legas ta shelanta cewa ba za a ƙara ba da takardar ba sai an kawo motar an duba ta. Ka ga ai wannan shela ita kanta iƙirari ce cewa a da ana bayarwa ba a duba ba.

Yadda Na Je Da Kaina

Da motar ta fito daga gareji, sai na ƙudurta cewa sai na kai ta an duba ta da gaske. Abin kunya, na shafe shekaru ina tuƙi amma ban san inda ake yin wannan gwaji a garinmu ba. Na tambayi abokai uku, kowa sai ya ce: "Ai akwai yarona, bari in ba ka lambarsa." Daga ƙarshe na shiga cikin ofishin lasin da ƙafata, na wuce masu tare mutane a bakin ƙofa, na tambayi ma'aikacin da ke zaune a kan tebur, shi ya kwatanta mini wurin. Wannan ita ce shawarata ta farko ga duk mai nema: ka shiga ciki, ka tambayi mai ofis, ko ka je ma'aikatar sufuri ta jiharka. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha su ma sun san wurin sarai. Ka tafi da takardar mallakar mota, da lasin motar, da inshora, da lasin tuƙinka, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit na hukuma.

A wurin gwajin, an fara ne da gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda. Sannan aka bi fitilu ɗaya bayan ɗaya: manya da ƙanana, da sigina, da fitilar birki, da ta ribas. Aka duba ham, da waifa, da madubai, da gilashin gaba ko ya tsage, da bel na kujeru. Aka tambaye ni safaya da jak da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi idan mota ta lalace. Aka girgiza sitiyari a ga ko yana da wasa, aka leƙa ƙarƙashi ana neman yoyon mai da sassaucin ƙafa, aka duba hayaƙin salansa.

Sai aka zo kan birki, kuma a nan ne na ga abin da ya sanyaya mini jiki. Akan hau da ƙafafun motar ne a kan wasu ƙarafa masu juyawa, a ce ka taka birki, na'ura kuma ta auna ƙarfin kamun kowace ƙafa daban. Motar da na ɗauko daga hannun bakanike kwana biyu kacal, sai ga shi ƙafar baya ta hagu ba ta kama rabin abin da ta dama ke kamawa ba. Ma'aikacin ya ce: "Malam, a cikin gari ba za ka taɓa ji ba. Amma ranar da ka taka da ƙarfi kana gudu, ko a kan jiƙaƙƙen titi, motar nan gefe guda za ta ja ka." Sannan ya durƙusa ya nuna mini wasu lambobi 4 a gefen tayata. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera tayar, wato idan ka ga 2319, to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tayoyina biyu na gwanjo ne, zanensu da sauransa, amma sun tsufa ƙwarai. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, domin roba tana bushewa ta tsattsage ko da ba a hau ta ba, ga kuma zafin kwaltarmu a watannin bazara.

A taƙaice dai, motata ta faɗi jarrabawa, alhali takardar cin jarrabawar tana aljihuna. Na koma na gyara, na sake kawowa. Kuɗin da na kashe ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. To amma a cikin wannan mota nake ɗaukar iyalina zuwa ƙauye duk sallah.

Abin Da Shari'a Ta Ce

Wani zai ce ai a zamanin magabata babu mota, to ina ruwan fiƙihu da birki? Amsa ita ce, malamanmu sun yi maganar abin hawan zamaninsu, kuma ƙa'idar ba ta canza ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai babin hukunce-hukuncen jini da haddi a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya san cewa an ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mahayinta, game da abin da ta tattake. Idan har mahayin dabba, wadda take da rai da nata ganin dama, yana ɗaukar alhakin ɓarnarta, to ina ga mai ƙarfen da ba ya motsi sai an motsa shi, kuma galibi ba ya lalacewa sai ya ba da alama?

A wannan zamani ma malamai ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na 8 da ta yi a ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta fitar da matsaya a kan haɗurran mota. Daga cikin abin da ta tabbatar akwai cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a kan abin da suka tsara don maslahar jama'a, kuma ta ambaci lafiyar kayan mota a cikin abubuwan da irin waɗannan dokoki ke kulawa da su. Ta kuma bayyana cewa direba yana ɗaukar alhakin cutar da ya jawo, sai fa idan abin ya faru ne ta wani dalili da ya fi ƙarfinsa, wanda ba shi da ikon kauce masa.

A nan ne gizo ke saƙar. "Birki ne ya tsinke" ita ce maganar da muke ji bayan kowane haɗari, kuma da an faɗe ta sai kowa ya yi shiru kamar an ce aradu ce ta faɗo. Alhali galibi birki ba ya tsinkewa rana ɗaya. Yakan yi ƙara, yakan yi laushi a ƙafa, man birki yakan riƙa raguwa, direba yakan riƙa taka shi sau biyu sau uku kafin ya kama. Man birki kansa yana tsotsar danshi idan ya daɗe ba a canza shi ba, kuma idan ya yi zafi a doguwar gangara, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, sai ya tafasa, direba ya taka ya ji wayam. Wanda ya ga waɗannan alamu ya ce "bari mu lallaɓa zuwa ƙarshen wata," shin zai iya tsayawa gaban Allah ya ce abin ya fi ƙarfinsa?

Mu tuna kuma cewa kisan kuskure ba abin wasa ba ne a Musulunci. Aya ta 92 a cikin Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ga iyalan mamaci, da kuma kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata 2 a jere. Diyyar nan raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kuma malamai da yawa sun tafi a kan cewa kowane rai da kaffararsa. To lissafa mini motar haya mai ɗauke da mutum 18. Mu kan ce "iyalan sun yafe," mu shafa fatiha mu watse. Yafewar iyali tana sauke diyya ne, amma kaffara haƙƙin Allah ce. Direbobi nawa ne da masu motoci nawa ke yawo da wannan bashi a wuyansu ba su sani ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. A Nijeriya, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra sun nuna sama da mutum 5,000 ne suka rasu a shekarar 2024 kaɗai. Gaskiya ne gudun wuce sa'a shi ne kan gaba a cikin dalilai, amma gudu da lalacewar mota abokan tafiya ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninku sau huɗu. A irin wannan hali, suɗaɗɗiyar taya ɗaya ta isa ta raba mutum da duniya.

Uzurorin Da Muke Kawowa

Na san abin da ɗan'uwa zai ce, domin ni ma na faɗe shi. Na farko: "Ai komai ƙaddara ce, idan kwana ya ƙare ko sabuwar mota ce sai an tafi." Wannan gaskiya ce, amma an ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure taguwarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar (RA) ma da ya ji labarin annoba a ƙasar Sham ya juya da jama'arsa, kuma da aka yi masa maganar ƙaddara, ya nuna cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Muna karanta addu'ar hawa abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, muna liƙa ayoyi a gilashi, wannan duk alheri ne. Sai dai wanda ya koyar da mu addu'ar shi ne ya koyar da mu ɗaure taguwa.

Na biyu: "Su ma jami'an ai kuɗi kawai suke nema." Ba zan musa cewa akwai ɓata-gari ba, kuma mutane sun sha wuya a hannun wasunsu a kan titi. Har ma a watan Oktoba na shekarar 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na birnin ba su da hurumin tsare masu mota a hanya ko kama motocinsu ko cin su tara, kuma mutane da yawa sun yi murna. To amma mu lura, ko da a ce babu jami'i ko ɗaya a kan titunan ƙasar nan, nauyin da ke kanmu bai ragu da ƙwayar zarra ba. Sannan cin hanci hannu biyu ne ke yin sa, kuma hadisi ya haɗa mai bayarwa da mai karɓa a cikin tsinuwa guda. Ranar da na miƙa wa yaron nan kuɗi, ni ne hannu na farko.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi: "Talauci." Direban haya da zai kai balas kullum, ga tsadar mai tun bayan cire tallafi a shekarar 2023, ga kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, ka ce masa ya sayi sababbin tayoyi huɗu? Wallahi ina tausaya masa. Shi ya sa nake ganin kaso mafi girma na wannan nauyi yana kan masu motocin ne, waɗanda ke zaune a inuwa suna ƙirga balas, idan direba ya ce birki ya yi sanyi su ce masa "lallaɓa." Alhaji, ka sani cewa idan ka san aibin motarka ka tura ta hanya, ba ka kuɓuta don ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Duk da haka, shi ma direba ya sani cewa neman halal ba ya halatta jefa rayukan mutane cikin haɗari. Wanda ba shi da kuɗin gyara komai a lokaci guda, to ya fara da abin da ke kashewa: birki, taya, sitiyari da fitila. Fenti da rediyo sa jira.

Su kuma hukumomi, a ji tsoron Allah. A mayar da gwajin nan gwaji na gaskiya, kada ya zama hanyar tara kuɗin shiga kawai. A samar da wuraren gwaji kusa da jama'a, a bayyana kuɗin a fili a manna a bango, a kori 'yan tsakiya daga bakin ƙofa. A gyara hanyoyi, domin babu adalci a ce ramin titi ne ya karya wa mutum ƙafar mota sannan a ci shi tara a kai. Ma'aikacin da ke buga hatimi kuma ya tuna cewa sa hannunsa shaida ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur a cikin mafiya girman zunubai, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru.

Daga Ƙarshe

Ya ɗan'uwa, abin da nake roƙonka kaɗan ne. Idan wa'adin takardunka ya zo, ka ɗauki motarka da kanka ka kai ta a duba. Idan a garinku ba a damu da dubawa ba, kai ka damu: ka kai ta wurin amintaccen bakanike ka ce ya duba maka birki da ƙafafu da sitiyari kamar shi zai ɗauki 'ya'yansa a ciki. Ka durƙusa yau ka karanta lambobin nan 4 da ke jikin tayarka. Idan za ka sayar da mota, ka faɗi aibinta, domin algus ba halin Musulmi ba ne. Idan kuma fasinja ne kai, ka ga taya ta suɗe har zare ya fito, kada ka ji kunyar sauka ka jira ta gaba. Malamanmu masu huɗuba su ma ina roƙonsu da su riƙa taɓo wannan babi, musamman gab da bukukuwan sallah lokacin da hanyoyi ke cika.

Ni dai na koma wurin Kawu da sabuwar takarda, wadda aka ba ni bayan an duba motar da gaske. Ya karɓa ya duba, ya miƙo mini, ya ce: "To, yanzu ka iya kai ni ƙauye."

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta dalilin haɗurra, Ya ba waɗanda suka jikkata lafiya, Ya kuma kare mu daga ɗaukar alhakin ran wani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.